Baƙar Giyar Ƙarin Jini

Ƙararrawar tashi na kaɗawa, ɗalibata Clodagh ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa. Yaron da ya sunkuya zai jawo ta sai da ya sha cizo. Shekararta tara, jikinta kamar na 'yar shida. Abin da na koya mata da safe, kafin yamma ya tsiyaye kamar ruwa a kwando. Na daɗe ina koyarwa, na san ƙeta. Wannan ba ita ba ce.

Shugaban makaranta ya ce kora ta rage, sai dai in likita ya tabbatar lalura ce, a ba ta mai taimaka mata a aji. Likita kuwa yana zargin giya ce ta taɓa ƙwaƙwalwarta tun tana ciki, amma ba zai tabbatar ba sai uwar ta amsa cewa ta sha.

*

Na je gidansu, na same su a kicin, ana yayyafi. Uwar, Dervla, ba ta ko cire rigar aikinta ta kamfanin kifi ba. Kakar, Nuala, ta zuba mini shayi.

"Malama, ni ba mashayiya ba ce," in ji Dervla. "Tambayi Mama."

"Wannan ragguwar?" Nuala ta yi dariya. "Ƙamshin kwalba ma kwantar da ita yake. Da ƙyar nake ɗura mata baƙar giya lokacin cikin."

"Baƙar giya?"

"Ta ƙarin jini mana, kullum bayan abinci. Ai wannan ba sha ba ne, magani ne. Uwata ta ba ni, ni ma na ba 'yata."

Na ajiye kofin. A hankali na gaya musu cewa abin da uwa ta sha, jariri ma ya sha, kuma ƙwaƙwalwar da ake ginawa ba ta san sunan magani ba.

"Haba Malama! Nawa 'ya'yan ba ga su nan garau ba?"

"Garau, Mama?" Muryar Dervla ta yi ƙasa. "Yayana Fintan fa? Ya yi furfura, har yau ke kike ɗaure masa takalmi."

Nuala ta ajiye butar shayi, ta zauna.

"In na faɗa, garin nan kaf za su ce ni na lalata 'yata," in ji Dervla.

"In ba ki faɗa ba, ranar Litinin ba ta da kujera a ajina."

Dervla ta dubi mahaifiyarta.

"Zan je wurin likita. Zan ce ni na saya, ni na sha. Ba sai sunan Mama ya fito ba."

Clodagh ta shigo daga tsakar gida a jiƙe, ta haye cinyar kakarta. Ta leƙa fuskar tsohuwar, ta sa hannun riga tana goge mata hawaye.

"Kaka, yi haƙuri," ta ce. "Me na yi kuma?"