Goyon Ɗan Fari

Zuwaira ba ta taɓa kiran sunan Sulle ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidansu da ke Fulatan haka aka saba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a bainar jama'a, ba ta ɗaukarsa suruka tana kallo. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, Inna Yelwa. Can yake kwana, can yake shan fura. Idan Zuwaira za ta aike shi sai ta ce, "Kai, wannan," tana kallon wani wuri. Shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Yanzu shekararsa shida, yana aji ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafi.

Abin da ba a sani ba shi ne, Zuwaira ta san tafiyarsa tun daga bakin rijiya. Ta san tarinsa a cikin tarin yara goma. Takalmin Sallar bana ma ita ta saya masa a kasuwar Rogo, baƙi sau-ciki mai igiya, ta ba mijinta Jibo ta ce ya ce shi ya saya. Ba ta iya kiran yaron ta gwada ƙafarsa ba, sai ta bi sawunsa a kan rairayi ta auna da kara.

Bayan Sallah da kwana biyu, Zakiyya ƙanwar Jibo, wadda ke aure a Karaye, ta aiko cewa mijinta Abdulsalami ya ɗauki hayar bas ɗin wani direba mai suna Liti. Za a kai yara birni, babban wurin wasan nan mai lilo da jirgin ƙasa. Jibo ya ce ba zai bar shanu don ya je ya kalli ƙarfe yana juyawa ba. Inna Yelwa ta ce ita ma ba ta ga amfanin abin ba, sannan ta riga kowa shiga mota.

A Karaye suka tarar da Zakiyya a ƙofar gida, da tsohon cikinta, da ɗanta Hanif, da wani abu mai taya huɗu da rumfa shuɗiya.

Inna Yelwa ta leƙo ta taga. "Wannan kuma fa? Rake za mu sayar a can?"

"Keken yara ne, Inna. Na Hanif."

"Wane Hanif? Wannan ƙaton da ke tsaye? Me ya sami ƙafarsa?"

"Ba abin da ya same ta. Wurin ne da girma, Inna. Wallahi ya fi garin nan faɗi. Bara da muka je, a kafaɗa babansa ya fito da shi."

"Sa'an mijina ne fa," in ji Inna, ta dafa kan Sulle, don haka take kiransa cikin wasan kaka da jika. "Maigida, kai ma a sa ka a baro?"

Sulle ya girgiza kai.

"Yauwa. Yaron da ke bin maruƙa har gefen Ruwan Bago ya dawo ya nemi tuwo. Keken nan na ragwaye ne."

Hanif bai ji haushi ba. Alawa yake tsotsa. Liti ya naɗe keken ya ɗaure a saman mota, yana cewa ya taɓa ɗaukar akuya, ya taɓa ɗaukar injin markaɗe, amma yau ne ya fara ɗaukar mota a kan mota. Zuwaira na kujerar baya da ƙaramarta Tasalla a cinya. Ba a tambayi ra'ayinta ba.

Wurin kuwa ya yi girma. Tun daga inda aka ajiye motoci zuwa ƙofar shiga tafiya ce mai kyau, daga ƙofa zuwa lilo na farko wata tafiyar ce. Ko'ina siminti, ko'ina mutane, ko'ina layi. Abdulsalami ya yanki tikiti ya raba musu, ya ce su yi ta yawonsu, shi da Liti suna inuwar wajen motoci, in sun gama su same su can. Zakiyya ta buɗe keken, Hanif ya shiga ya jingina kamar mai unguwa. Gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Allah Ya sawwaƙe," in ji Inna Yelwa.

Aka hau dawakin ƙarfe masu zagaye. Aka hau jirgin ƙasa, wanda ya tashi daga gindin wata darbejiya ya zaga ya dawo gindin darbejiyar. Inna ta ce ai da sun zauna a gindin tun farko. Aka hau wani abu kamar ƙwarya mai juyi, Hanif ya sauko ya amayar da alawarsa, ya koma kekensa ya nemi wata. Sulle ya hau komai sau ɗaya, bai yi dariya ba bai yi kuka ba, sai dai in ya sauko ya kalli kakarsa ya ce, "Ban ji tsoro ba."

"Na sani, maigida."

Tsayuwar layi ita ta fi hawan tsawo. A daji yaro yana tafiya ya tsaya, ya zauna a gindin kalgo, ya cire ƙaya. A nan kuwa sai tsayuwa a rana, a matsa kaɗan, a sake tsayawa.

Zuwaira ce ta fara gani. Wajen azahar, tafiyar yaron ta canza. Yana taka ƙafar dama da gefe. Ba kowa zai lura ba, amma ita ta san tafiyar. Ta tuna karan da ta auna sawunsa da shi, ta tuna ba ta ƙara ko ɗan yatsa a kai ba. Ta gyara goyon Tasalla, ta matsa kusa da Zakiyya.

"Kamar takalmin wannan yana matsa masa," ta ce a hankali, tana kallon mai sayar da gurasa.

Zakiyya ta juya. "Sulle, takalminka na cizo?"

"A'a."

"Ya ce a'a, Adda Zuwaira."

Shi ke nan. Aka yi salla, aka ci dambu daga kula, aka ci gaba. Zakiyya ta ce ba za su tafi ba sai sun ga babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda ake hango shi tun daga titi. Yana can ƙarshen wurin. Suka nufe shi. Yana kusa a ido, amma duk tafiyar da suka yi sai ya zama kamar shi ma tafiya yake.

Sun isa, sun yi layi, yaran sun hau da Zakiyya, sun sauko. Da aka juya za a koma, Sulle ya yi taku kaɗan ya zauna a ƙasa, a tsakiyar hanya, mutane suna kewaye shi.

"Maigida, lafiya?"

"Hutawa nake."

Inna Yelwa ta durƙusa da ƙyar ta kwance igiyar. Da ta zare takalmin, safar ta manne a dunduniya. Fatar ta tashi ta fashe, ƙaramin yatsa ma haka. Ɗaya ƙafar ba ta fi wannan kyau ba. Zuwaira ta kalla sau ɗaya ta mayar da ido kan lilon.

"Wane mara hankali ne ya sayi wannan takalmi?" in ji Inna.

"Baffa ne," in ji Sulle.

"Ai na sani. Jibo ko igiyar maraƙi bai iya aunawa ba."

Zuwaira ta ci gaba da kallon lilon. Yana juyawa a hankali.

Inna ta ce to ya taka haka, ai da ƙafarsa aka haife shi ba da takalmi ba. Sulle ya miƙe ya taka simintin. Rana ba ta gama tafiya da zafinta ba, simintin kuwa tun safe yake shan ta. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗaya, ya koma ya zauna a kan takalman.

"Hanif, sauko ɗan'uwanka ya hau," in ji Zakiyya.

Hanif ya sauko ba gardama. Ya ma karkaɗe masa kujerar.

"Hau mana, Sulle."

Sulle ya kalli keken, ya kalli kakarsa. "Na ragwaye ne."

"Wa ya ce?"

"Inna."

Zakiyya ta juya ta kalli uwarta. Inna Yelwa ta gyara mayafi.

"Maigida, wasa nake. Hau."

"Ba wasa kike ba."

"To na ragwaye ne da masu ciwo."

"Ba ki ce da masu ciwo ba."

Aka lallashe shi, aka yi masa alkawarin lemo, aka ce za a rufe rumfar ba wanda zai gan shi. Ya sunkuyar da kai ya riƙe gwiwoyinsa. Zakiyya ta kira wayar Abdulsalami ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ta ce ta san barci yake a ƙarƙashin motar. Ita ba ta iya sunkuyawa ma, balle ɗauka. Inna ta kama hannun yaron ta gwada ɗaga shi, bayanta ya yi wata ƙara, ta sake shi ta ce, "Wa ke ba ka abinci haka?"

Suka tsaya. Mata uku, keke ɗaya ba kowa a ciki, da yaro a ƙasa. Wani mai sayar da balan-balan ya zo ya tsaya ya kalle su, ya ga ba ciniki, ya wuce.

Zuwaira ta san mutum ɗaya ce a wurin mai bayan da zai iya, kuma ita ce. Ta san Zakiyya ta sani, Inna ma ta sani. Hannayenta suna son miƙewa, ta damƙe bakin zaninta. Tun da ta shigo gidan nan ba a taɓa cewa ta yi rashin kunya ba. Kuma ba a bakin surukarta irin wannan magana za ta fito ba. Hawaye ya fara taruwa a idon yaron, yana ta haɗiye shi.

Inna Yelwa ta daɗe tana kallon keken. Ta taɓa rumfar. Ta tura shi gaba kaɗan ta jawo shi baya.

"Zuwaira."

"Na'am, Inna."

"Sauke mini yarinyar nan. Tun safe take a bayanki, ƙafarta za ta sage. A sa ta a nan in ga yadda abin yake."

Zuwaira ta kwance goyon. Aka sa Tasalla a keken tana barci, ta bararraje. Hanif ya tambaya shi kuma fa, Inna ta ce ya kama gefe ya taya ta tuƙi, ai namiji ne.

"Ke Zakiyya, wuce gaba ki nuna mini hanya. Ni ban taɓa tuƙi ba. Liti ya ce direba ba ya waige." Ta kama hannun keken da hannu biyu. "Don haka ba zan waiga ba har mota. Kowa ya ji da kansa. Zuwaira, ki tattaro sauran kayanmu, kada ki bar mini komai a ƙasa."

Ta tura keken ta tafi, tayar gaba tana karkata hagu. Zakiyya na gaba, Hanif na gefe.

Zuwaira ta tsaya da majanyi a hannu. Ta ɗauki kular abinci. Ta ɗauki takalman ta ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya ta rataya a wuya. Ta duba ƙasa, saura abu ɗaya. Ta juya masa baya ta durƙusa.

"Kai, wannan."

Sai ta ji hannaye biyu a kafaɗarta, a hankali, kamar mai taɓa kayan wani. Ta jawo shi ta ɗaure majanyin, da ƙyar bakinsa ya haɗu. Da ta miƙe, ƙafafunsa suka sauko har gwiwarta. Ya fi yadda ta zata nauyi. Rabonta da nauyin nan tun yana warin nono.

"Adda, ba zan faɗa ba," ya ce a bayan kunnenta.

"Yi shiru."

Suka bi hanya. Suka wuce ƙwarya mai juyi, suka wuce darbejiyar jirgin ƙasa. Kansa ya kwanta a tsakanin kafaɗunta, numfashinsa ya daidaita. A can gaba keken ya bugi kwandon shara, ya hau ƙafar wani mutum mai babbar riga, Inna ta ba shi haƙuri tana kallon gabanta. Hanif ya fara juyowa, ta kama kansa ta mayar da shi gaba kamar murfin tulu. Zuwaira ba ta yi sauri ba. Da safe ta ga tsawon hanyar, yanzu kuwa sai ta ga har an zo dawakin ƙarfe.

Da suka fita ƙofa suka hango bas ɗin, Inna Yelwa ta tsaya ta yi gyaran murya mai ƙarfi.

"To, ga mota can! Ga su Abdulsalami can! Bari in huta kaɗan kafin in juya."

Zuwaira ta sauke shi a inuwar wata mota, ta goge masa fuska da gefen mayafi, da sauri. Ya ƙarasa sauran takun a kan yatsunsa, shi kaɗai.

Abdulsalami ya miƙe yana mutsuke ido. "Inna, yaya kika ga keken? Yana da amfani ko babu?"

"Tayarsa ɗaya ba ta jin magana," in ji Inna. "Amma maigidana bai hau ba. Tambaye shi."

"Ban hau ba," in ji Sulle.

A hanyar komawa ya zauna kusa da kakarsa kamar yadda ya zo. Zuwaira na kujerar baya da Tasalla a cinya, takalman suna cikin jakarta. Bayanta ya yi kwanaki yana ciwo. Jibo ya tambaye ta me ta ɗauka haka, ta ce kular ce.