Rabin Dodon Fadar Hamidu

Attahir ya dawo Tanut daga aikin soja da rabin fuska. Nakiya ce ta tashi da motarsu, ta cinye masa leɓen ƙasa, haƙora suka tsaya a waje. Gurminsa kaɗai ya rage masa.

Hamidu, wani ɗalibi, ya dawo gida daga Damagaram da sabon wasa. Samari kan zauna a fadarsu ta shan shayi bayan la'asar, kowa ya zama jarumi a wata duniyar dodanni. Hamidu ke ba da labari, ƙwayar lido ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi.

"Kaporal, mawaƙi muke nema," Hamidu ya ce wa Attahir. "Tsohon mayaƙi, uwarsa mutum, ubansa dodo. Ba wanda zai iya shi sai kai."

Attahir ya karɓa da zuciya ɗaya. Ya raɗa wa mawaƙin suna Kurman Dutse, ya tsara masa kirari. In aka shiga yaƙi sai ya miƙe yana kiɗa, yana ruri, yawu na zuba. Tun barinsa bariki bai yi dariya irin ta lokacin ba.

Ƙanwarsa Zalika ce ta miƙa masa waya wata safiya. Ashe ɗaukarsa suke yi. An matso da bakinsa ya cika hoton, an ɗora kukan jaki a kan muryarsa. Har Belbeji an gani.

Ya je fadar, ya tsaya a kansu.

"Wasa ne, Kaporal," in ji Hamidu, yana hura gawayi. "Dama wa zai saurare ka in ba don fuskar ba?"

Attahir ya san wani abu da gari bai sani ba. Hamidu na da farfaɗiya. Ta taɓa kayar da shi a fadar suna su biyu kaɗai, Attahir ne ya tallabe masa kai har ya farfaɗo, suka yi alkawarin rufa asiri saboda ana maganar auren Hamidu da Jamila.

Ranar kasuwa Attahir ya zauna bakin rumfar mahauta, ya saki zambo. Ya kwaikwayi faɗuwar, da karkarwar, da jiƙewar wando, duk a kan kiɗa mai daɗin rawa. Kafin azahar masu babur sun haddace amshin. Mahaifin Jamila ya mayar da kayan aure. Hamidu ya daina fitowa ko masallaci, wasan ya mutu.

Maryam, mahaifiyar Hamidu, ta iske Attahir a zaure yana gyara tsirkiyar gurminsa.

"Attahir, da kake yaro a gidana kake cin tuwo," ta ce. "Yarona ba ya ci, ba ya magana. Ka bari haka nan."

Bai ɗago ba. "Inna, ai wasa ne."

Da kasuwar Belbeji ta zagayo, ya hau mota da gurminsa. A hanya ya ƙara baiti biyu.