Bangon da Ke Bayan Baba

A shagon buga hotuna da Auta yake aiki, abin da maigidansa ya fara koya masa shi ne share baya. Kowane hoto aka kawo, a yanko mutumin a kwamfuta, a goge tarkacen bayansa, a shimfiɗa launi ɗaya. Don kada launin ya zauna sumul kamar roba, sai a barbaɗa masa ɗan gurzau-gurzau, a rage ƙarfinsa har ido ya daina lura.

Da Inna ta ba shi hoton marigayi Babansu ya ƙara masa girma, hannunsa bai tsaya shawara ba. Hoton ya manne da gilashi, sai ya ɗauke shi da na'ura a haka. Da ya zo ɓamɓarewa, takardar ta yage guntu-guntu. Bai damu ba, ai yana cikin kwamfuta. Ya yanko Baba tsaf, ya goge bangon da yake jingine, ya zuba launin ruwan ƙasa, ya adana a kan na asalin, na asalin ya shafe.

Da ya kai mata hoton, Inna ta daɗe tana kallo.

"Ina bangon?"

"Na gyara, Inna. Duk tabo ne."

Yayarsa ta leƙo. "Sannu, gwani. Ka mayar da Baba ɗan takara."

Inna ba ta yi dariya ba. "Fuskarsa ina da ita a kaina, Auta. Gidan ne aka rushe. Tabon nan shi ya yaɓe wurin da hannunsa, a karkace, ina tsaye ina yi masa tsiya."

Washegari ya zagaya bayan shago ya ɗauki hoton wani tsohon bango. Ya ɗora shi kan launin, ya zana tsaga, ya sa duhun danshi daga ƙasa. Yaɓen kawai ya rage. Ya kawo kwamfutar gida, ya zauna kusa da ita.

"Nuna mini wurin, Inna, in mayar."

Ta kai yatsa kusa da kafaɗar Baba ta hagu. "Nan." Sai ta matsar da shi dama. "A'a, tsaya."

Ya tsaya. Ta dubi Yaya, Yaya ta girgiza kai, ita ma ba ta riƙe ba.

Inna ta janye yatsanta a hankali, ta sa hannun a cinya.

"Bar shi haka," ta ce. "Kada ka sa masa a inda bai yaɓa ba."