Idon Maigadi

Shekara talatin Maigadi ya yi yana tsaron ƙofar wata ma'aikata, abin da ya fito da shi kuwa ciwon baya ne mai hana sunkuyawa. Matarsa ita ma gwiwa ta sa ta a gaba. Tare suke nishinsu, tare suke zagin ƙwayoyin da ba sa aiki, har ya saba da jin cewa ciwon nasu ne su biyu.

Sai 'yarsu ta kai su wurin wata likita mai rage ciwo da magana kawai. Za ta zaunar da mutum a kujera mai laushi, ta ce ya rufe ido, ta yi ta magana a hankali har ya shiga wani hali, ba barci ba, ba ido biyu ba. Daga nan ta koya masa ya ɗauki ciwon kamar rediyo, ya rage ƙararsa.

Zaman farko matarsa ta tafi luu. Ta fito tana taka matakala ba ta riƙe bango ba.

Shi kuwa gogan, da aka ce ya saki jiki, sai kunnensa ya kama aiki. Ya ƙirga mutum huɗu sun wuce a baranda, ɗaya yana jan takalmi.

"Baba, yanzu me kake ji?" in ji likitar a zama na uku.

"Sakatar tagar nan ba ta shiga ba, 'yata."

Kishi ya turnuƙe shi, ba na wasa ba. Shi da ya fi ta ciwo, shi za a bari a baya? Kullum da yamma sai matarsa ta zauna a falo, ta rufe ido, fuskarta ta yi wasai, shi yana gefe bayansa na sukarsa kamar ana buga ƙusa.

"Duk ƙarya ce," ya ce mata. "Dama can gwiwar taki shagwaɓa ce."

"Allah ya ba ka irin shagwaɓata, Baban yara."

Wannan addu'a ta fi zagi yi masa zafi. Ya koma yin gyaran murya, ya ja kujera, ya yi tari babu mura. Ko gezau. Wata yamma ya ɗauko murfin tukunya ya sake shi a kan siminti, da gangan.

Ta zabura, ƙafar ta bugi tebur. Ya ga ciwon ya dawo mata gaba ɗaya, ta dafe gwiwa, hawaye ya cika mata ido. Ya jira faɗa, bai samu ba, kunya ta rufe shi.

"Kana tsammani ni gwana ce?" ta ce da ta samu numfashi. "Ina iya rufe ido ne don na san kana nan zaune, idonka biyu. Kai kuwa ba wanda ya taɓa karɓar maka gadi."

Ta ɗingisa, ta ja kujera zuwa bakin ƙofa, ta zauna tana fuskantar waje.

"Rufe ido. Yau ni ke aiki."

"Ke? Ɓarawo ya sace ki ba ki sani ba."

"Na ce rufe."

Ya rufe, yana gunaguni. Bayan yana nan yana sukarsa, amma ya lalubi maɓallin rediyon da likitar ta faɗa, ya ɗan murɗa. Can wani ya wuce ta ƙofar gida. Maigadi bai san ko wane ne ba.