In Ji

Ni Mutari ne, malamin nazarin harsuna a nan Yamai. Wata uku na yi ina shirya laccar da zan gabatar a jami'a kan wasu harsuna biyu na Turai, Baskanci da Irlandanci. Matata Haoua ta sha tambayata ko mutanen nan sun san ina yi musu wannan wahala. Ba su sani ba, amma ni ina jin kaina kamar wakilinsu a gaɓar kogin Isa da ya ratsa Yamai.

Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda kowanne ya rayu. Baskanci ba shi da dangi ko ɗaya a duniya, an taɓa hana shi a makarantu, amma iyaye suka riƙe shi a gida har ya farfaɗo. Irlandanci kuwa yana da dangi, yana da gatan gwamnati, ana koyar da shi a kowane aji, amma ƙalilan ne ke magana da shi a gida kullum. Na rubuta da ja a ƙasan shafi cewa harshe a bakin uwa yake rayuwa. Jimlar ta yi mini daɗi, har na karanta wa Haoua sau biyu.

Tawa uwar, Inna Tabawa, Babarbariya ce daga wajen Diffa. Aure ya kai ta Damagaram, a can ta koyi Hausa, a can ta haife ni. Ina yaro takan yi mini Barbarci ina ba ta amsa da Hausa. Da na shiga lakwal, wato makarantar boko, wata rana ta kira ni da harshenta a gaban abokaina, suka kwashe sati suna kwaikwayonta. Na dawo gida na ce mata kada ta ƙara yi mini wannan yaren. Ta dube ni kawai, kuma ba ta ƙara ba. Shekara talatin da huɗu ke nan.

Bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta a gidana na unguwar Lamorde. Hannun dama ya mutu, na hagu sai rawa. Likita ya ce irin wannan ciwo wani lokaci yana kwashe harshen da mutum ya koya daga baya, ya bar masa na fari. Haka aka yi. Hausar Inna ta tafi, Barbarci ya rage, shi ma kalma ɗaiɗai. Ni da nake da digiri a kan harsuna, sai na koma yi wa uwata magana da hannu.

Ranar wata Laraba cikin watan Afirilu, Haoua ta tafi aiki, ni na zauna da Inna. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, ɗakin kamar tanda. Na jawo tabur ɗin rubutuna kusa da gadonta da takarduna da butalin ruwan sanyi, ina gyara laccar. Can sai na ji ta motsa baki.

"Nji," ta ce. "Nji."

Na saki alƙalami. "In ji" na ji ta faɗa, wato in karanta mata ta ji. Hausarta ta dawo, kuma abin da ta fara nema shi ne aikin ɗanta! Har ƙwalla ta cika mini ido. Na gyara zama na ce, "To Inna, saurara."

Na karanta mata tarihin Baskanci, na karanta na Irlandanci. Duk inda na tsaya sai ta ce "nji", ni kuma in ƙara ƙaimi. Na zo kan jadawalin kalmomi, na gaya mata ruwa a Baskanci *ur* ne, a Irlandanci *uisce*, har na nuna mata yadda ake furta shi. Maƙogwarona ya bushe, na ɗaga butalin na sha a gabanta. Idonta ya bi hannuna sama, ya biyo shi ƙasa. Na ɗauka sha'awar ilimi ce.

Mun fi awa guda a haka sai aka yi sallama. Iklima ce, mai sayar da busasshen kifi da tattasai a bakin layinmu, mutuniyar Diffa, ta zo duba jikin Inna. Ko tabarma ba ta kai ga zama ba Inna ta sake faɗin kalmar, murya ta dusashe.

Iklima ta juyo, ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan. "Mushe, tun yaushe take faɗin haka?"

"Tun ɗazu. So take in karanta mata."

"Wane karatu? Ruwa take roƙo. *Nji* ruwa ne."

Ba ta jira ni ba. Ta ɗauki kofi, ta tsiyaya daga butalina, ta tallafo kan Inna tana ba ta kaɗan-kaɗan. Ina jin ƙarar haɗiyarta. Na tsaya da takarda a hannu, kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Wannan kalma na san na taɓa saninta. Da ita na roƙi ruwa kafin in iya tafiya, kuma ni da bakina na kore ta daga gidanmu.

Inna ta sha rabi, ta kawar da kai. Iklima ta matsa mata kofin, ta ƙi. Sai ta yi wata 'yar magana a hankali, kalma huɗu ko biyar, tana kallona. Na tabbata faɗa ne, kuma na shirya karɓarsa.

"Mi ta ce?" na tambaya.

Iklima ta miƙo mini kofin.

"Ta ce a bar maka sauran. Wai tun ɗazu kake ta magana, kai ma ka ji ƙishi."