Kwabon da Aka Buga Sau Biyu

Mai kantin magani ya sa farar safar hannu, ya zaro kwabon daga 'yar robarsa, ya riƙe shi ta gefe kamar jariri bakwaini. Surukinsa na zaune a kan tabarma yana gyaran rediyo, ko ɗagowa bai yi ba.

Shekara goma ke nan yana tara tsofaffin kwabbai, yana ba su maki kamar ɗalibai: wannan ya sha hannu, wancan bai taɓa shiga aljihu ba. Amma na yau daban ne, shekarar da ke jikinsa ta fito sau biyu, lamba a kan lamba. Babur ɗinsa ya sayar ya saye shi. Ƙungiyar masu tara kwabbai kuwa ta ce ba za ta ba shi takardar inganci ba, sai wani da ya yi aiki a gidan buga kuɗi a lokacin ya sa hannu.

Matsalar ita ce surukin nasa ne ya yi aiki a can, kuma a kan wannan kuskuren aka kori tsohon. Shekara talatin yana rantse wa matarsa cewa ranar ba ya kan inji, abokin aikinsa ne ya ƙulla masa sharri. Mai kantin magani ya san haka, amma tun a mota ya shawo kan zuciyarsa cewa taimakon tarihi zai yi.

Ya yi bayani a ladabce. Surukarsa da ke ɗinki a bakin ƙofa ta ce ai Malam ba shi da hannu a wannan ɓarnar, me zai shaida?

Tsohon ya fizgi kwabon da yatsunsa masu maiƙo, ya murza shi da babban yatsa.

"Jabu ne," in ji tsohon. "An damfare ka."

Mai kantin magani ya buɗe littafinsa mai hotuna, ya ce masana sun rubuta cewa lambar ta dama take zamewa, ga ta kuwa ta dama. Ya ƙara da cewa wataƙila idon Baba ne ya yi rauni.

"Littafi ne zai gaya mini?" in ji tsohon. "Ta hagu ta zame! Ƙusar hagu ce ban ɗaure ba, ina saurin zuwa kallon ƙwallo. Buhu uku na buga kafin in lura."

Surukar ta soke allurarta a jikin zanen, ta naɗe shi a hankali.

"Malam," ta ce, "matar abokin aikin nan naka ƙawata ce tun muna 'yan mata. Har ta mutu ban amsa gaisuwarta ba."

Kwabon ya suɓuce daga hannun tsohon. Ta juya ga mijin 'yarta, wanda ke laluben kwabonsa a kan tabarma.

"Kai, ɗauki abinka ka tafi. Ka ja mana ƙofar."