Firigon Alhaji Illiassou

Ni na jawo wa kaina. Ranar da ƴata Rékia ta samu aiki a Lyon, bayan sallar Juma'a a Montreuil na gaya wa jama'a cewa jiragen ruwa masu ɗaukar kwantena za ta riƙa ƙerawa. Kuma ban yi ƙarya ba.

Ba a daɗe ba sai ga Alhaji Illiassou a gidana na Saint-Denis da firigo, wato firiji, a bayan mota. Shi ne ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na iso Faransa ban san kowa ba.

"Na tsohuwata ne a Tahoua," in ji shi. "In jirgin ƴarmu ya tashi, a sa shi a gaba-gaba."

Yaya zan ce masa a'a? Firigon ya tare mana hanyar kicin, matata sai ta karkace take wucewa. Kowace Juma'a kuma Alhaji ya riƙe hannuna: "Malam Zailani, ina labarin jirgi?"

Da abin ya ishe ni, na ɗauki hutu a wurin aikina a kasuwar Rungis na tafi Lyon in roƙa masa wuri. Ina tsammanin bakin ruwa za mu je. Sai Rékia ta shigar da ni wani dogon ɗaki mai kwatami cike da ruwa. A ciki akwai wani abu rawaya, tsawonsa bai fi tabarmar salla ba.

"Baba, ga shi."

"Ga me?"

"Jirgin mana."

Na duba bayanta ko akwai wata ƙofa. Babu.

Ta yi ta bayani, Hausa rabi Faransanci rabi. Wai wannan na gwaji ne. Na gasken zai sha man gazuwal kaɗan, hayaƙinsa kaɗan, domin a hankali zai riƙa tafiya.

"A hankali? Duk karatun nan don jirgi ya rage gudu?"

Ta yi dariya. "Eh, Baba."

"To yaushe zai je Kwatano, inda ake sauke kayanmu na gida?"

"Kwatano kuma? Na kogi ne. Daga nan zuwa Marseille, ya dawo."

"Babban yana ina?"

"Ba a ƙera ba tukuna. Sai in wani kamfani ya yarda da zanen. Wataƙila ma ba za a ƙera ba."

Ta faɗi haka hankalinta kwance, tana goge masa gefe da hannun rigarta. Sai na fasa yi mata maganar firigo.

Ina jiran jirgin ƙasa na komawa Paris, Alhaji ya kira.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Alhaji."

"Masha Allah! An samu wurin?"

Na ce masa, "Alhaji, ba ya zuwa Afirka. Kuma ƙarami ne. Da hannu biyu zan ɗaga shi."



"To, ba komai," ya ce. "Bar firigon a wurinka har ya girma."

Ya ajiye waya. Har muka iso Paris ban gane ba ko wasa yake yi.